Sirdi, Majayi da Likkafa: Abin da Mai Hawan Kilisa Ya Kamata Ya Duba Kafin Ya Saya

Kilisa ita ce hawan doki don motsa jiki da nishaɗi, ba don sukuwa ko hawan sarauta ba, kuma tana da masu sha'awa a tsakanin matasan Lafiya da Doma, garuruwa biyu masu tsohuwar sarauta a Jihar Nasarawa, ta Lafiya ta Barebari ce da Muhammadu Dunama ya kafa, ta Doma kuma ta Alago ce a ƙarƙashin Andoma. Yawancin masu wannan hawa ba su da ƙarfin sayen kayan doki irin na hakimai, saboda haka sukan nemi na araha, kuma a nan ne ake yawan kuskure, domin ido yakan tafi ga jalala mai ado da tunjimi mai ƙyalli, alhali nauyin mahayi yana rataye ne a kan abubuwa uku da ba a cika kallonsu ba, wato katakon sirdi da majayi da likkafa.

Likkafa ita ce ƙarfen da mahayi ke zura ƙafa a ciki, kuma haɗarinta mafi muni shi ne ƙafa ta maƙale bayan mutum ya faɗo, doki ya firgita ya ja shi a ƙasa. Ƙa'idar da masu koyar da hawa suka yarda da ita ita ce faɗin likkafa ya ɗara na takalmi da kamar santimita 2 da rabi, yadda ɗan yatsa zai shiga ta kowane gefe, domin idan ta matse ƙafa ba za ta fita ba, idan kuma ta cika faɗi ƙafar za ta zarce har idon sawu. Don haka ya kamata mai saye ya je da takalmin da yake hawa da shi ya gwada a gaban mai kaya, kuma takalmin ya kasance mai ɗan dunduniya, ba silifas ba. Irin ƙarfen ma abin lura ne: likkafar da aka zuba da narkakken sanholo tana da sauƙin kuɗi da rashin nauyi, amma sau da yawa akwai ƙananan ramukan iska a cikinta, kuma ba ta lanƙwasawa ta yi gargaɗi, sai dai ta karye farat ɗaya lokacin da mahayi ya miƙe a kanta. Wadda maƙeri ya ƙera da baƙin ƙarfe, ko wadda aka yi da ƙarfen da ba ya tsatsa, ta fi dacewa ko da ta gwanjo ce. Fatar da likkafar ke rataye a jiki kuwa, a lanƙwasa ta a wajen da take gogar ƙarfe. Idan ta nuna tsagewa ko ramukanta sun buɗe sun yi tsawo, to ta gama aiki.

Majayi shi ne ɗamarar da ke zagaye cikin doki ta riƙe sirdi, kuma rauninsa yana wajen ɗinki da zobe, ba a tsakiya ba, saboda haka can ne za a ja da ƙarfi a gani. Dawakai da yawa sukan kumbura ciki yayin ɗaura sirdi, shi ya sa ake ƙara matse majayi bayan ɗan tattaki kaɗan.

Katakon sirdi yana ɓoye a ƙarƙashin fata, amma ana gane lafiyarsa idan aka kama kwacciyar gaba da ta baya aka matsa su. Motsi ko ƙara alama ce ta karaya, kuma karyayyen sirdi yakan yi wa doki gyambo a gadon baya wanda jinyarsa za ta ci fiye da rangwamen da aka samu. Game da wurin saye kuwa, Kasuwar Kurmi ta Kano, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, har yau cibiya ce ta kayan doki na gargajiya, sannan ana samun tsofaffin sirada irin na 'yan folo, waɗanda ba su da nauyi kuma sun wadatar ga kilisa, matuƙar sun zauna daidai a bayan dokin ba tare da danne ƙashin wuyansa ba. Sayayya gab da hawan salla ba dabara ba ce, domin a lokacin ne kaya ke tsada kuma dukawa ke aiki cikin gaggawa.

Yanayin Doma da Lafiya ya bambanta da na Kano, domin damina takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma laima tana sa fata yin fumfuna, zare ya ruɓe, ƙarfe ya yi tsatsa, sannan hunturu ya zo ya busar da fatar ta tsattsage. Saboda haka ana goge gumin doki daga kayan bayan kowane hawa, a shanya su a inuwa, a rataye su nesa da ƙasa, a riƙa shafa wa fata man kaɗanya kaɗan-kaɗan. Baƙin man inji da wasu ke shafawa yana lalata fata da ɗinki, yana kuma iya ƙona fatar dokin.