Daga Zunguru Zuwa Dayis: Me Ya Rage Na Lallen Amarya A Cikin Birni?

A ƙasar Okrika ta Jihar Ribas akwai al'adar Iria, wadda ke fitar da yarinya daga ƙuruciya. Sai 'yan mata sun bayyana gaban jama'a ƙirji a buɗe, sannan a killace su makonni a ɗaki, a sa musu zobban jan ƙarfe a ƙafa, ana ɗura musu abinci, tsofaffi na koya musu zaman duniya. A 1993 Ngozi Onwurah ta ɗauki fim ɗin Monday's Girls a garin Ogoloma, inda wata 'yar basarake da ta daɗe a birni ta ce ita kam ba za ta tuɓe ba.

Mu a Kano abin a juye ya zo mana. A can al'ada ce ke buɗe yarinya, zamani na rufe ta. A Soron Ɗinki da sauran lungunan cikin badala, al'ada ce ke lulluɓe amarya, zamani ke yaye mayafin.

Bahaushe bai ware wa 'ya mace bikin balaga ba. Lallen aure shi ne mashigarta cikin sahun manya. Ranar kamu amarya takan ɓuya a gidan wata ƙawa, dangin ango su bi sawu, su biya kuɗi, a yayyafa mata turare, sai kuka. Daga nan ta koma hannun alwanka. A da budurwa kan yi har kwana bakwai a lalle, hannu a zunguru, ƙafa a ƙunshe. Wadda aka ɗaure haka ba ta da wurin zuwa, dole ta saurara. A nan ake gaya mata yadda ake zama da uwar miji da kishiya da facala, abin da kunya ba ta barin uwa ta faɗa wa 'yarta, balle 'yar fari. Mai son ganin yadda abin yake a ƙasar Zazzau ya duba labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954.

Yau fa? Ƙunshin ya koma zanen fulawa na yini guda, sau da yawa da dayis, wanda sinadarin rinin da ke cikinsa kan ƙona fatar wasu. Dilka da halawa da turaren wuta sun shigo daga Barno da Sudan, masu gyaran jiki sun maye gurbin alwanka, su kuwa fata suke gyarawa. Kamu ya bar tsakar gida ya koma ɗakin taro na haya, ga dina, ga "ƙauyawa de" (birni na kwaikwayon ƙauye don dariya!), kafin a kai amarya hotunanta sun karaɗe Instagram da TikTok. Tun daga dokar Hukumar Hisba ta 2003 da shirin A Daidaita Sahu na zamanin Malam Ibrahim Shekarau ake faɗa da cakuɗuwar maza da mata a biki, amma ƙarar kiɗan aka fi kula da ita, ba darasin da ya ɓata ba.

Ba kuma duk na da ne abin kewa ba. Yawancin masu kukan nan a wancan zamani 'yan shekara 13 ko 14 ne, wasu ba su taɓa ganin mijin ba, kuma shelar budurci washegari tozarci ce ko da wane suna aka kira ta. Wadda ta gama Jami'ar Bayero tana da aiki ba za ta zauna mako guda hannu a zunguru ba, kuma tana da gaskiya.

Abin da ya ɓace shi ne zaman nan na babbar mace da yarinya, ba kyamara, ba makaɗi. Iyaye mata da gwaggwanni da malaman Islamiyya, a rage yini guda daga jerin shagulgula a ba wa wannan zama. Bai kai kuɗin hayar kujeru ba.