Hutun Kirsimeti a Ƙasashen Dusar Ƙanƙara: Haɗarin da Baƙo Bai Saba da Shi Ba

Ƙarshen watan Disamba lokaci ne da makarantu da yawancin ma'aikatu a Amurka da Kanada da ƙasashen Turai suke tafiya hutu, saboda haka a lokacin ne dangi suke haɗuwa, Kiristoci domin bikin addininsu, sauran jama'a kuwa, har da Musulmi mazauna can, domin shi ne hutun da kowa yake samu a lokaci ɗaya. Daga Najeriya da Nijar da Ghana akan samu iyaye masu zuwa ganin jikoki, da ɗalibai masu tashi daga wani gari zuwa wani domin su yi hutu a gidan kawu ko gwaggo. Sai dai hutun yana faɗowa ne daidai lokacin da sanyi ya kankama, rana kuma ta gajarta har takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma a birnin Landan.

Babban kuskuren baƙo shi ne auna wannan sanyi da hunturun gida. A Kano ko Zariya ko Maraɗi, ko a tsakiyar jaura ruwan randa ba ya daskarewa, alhali a birane irin su Winnipeg da Minneapolis ma'aunin Salshiyos yakan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili, sifili kuwa shi ne matakin da ruwa yake zama ƙanƙara. Iska tana ƙara tsananta lamarin, domin tana kwashe ɗumin da ke saman fata, shi ya sa masu hasashen yanayi suke ba da lamba biyu, ta ma'auni da kuma ta yadda jiki zai ji sanyin. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa idan lamba ta biyu ta kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30.

Daskarewar fata takan fara ne daga yatsu da kunnuwa da hanci, inda wurin yake mutuwa, ya yi tauri, launinsa ya koma toka-toka, kuma a baƙar fata ba a saurin lura da wannan canji. Ba a murza wurin, ba a kuma kanga shi a wuta, domin fatar da ba ta jin zafi tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Ana tsoma shi ne a ruwa mai ɗumi kamar ɗumin jiki, sannan a nufi asibiti. Abin da ya fi wannan muni shi ne saukar ɗumin cikin jiki daga digiri 37 da aka saba zuwa ƙasa da 35, wanda alamominsa su ne karkarwa, da harɗewar harshe, da ruɗewa, da jin barci, kuma tsayawar karkarwa ga mutumin da bai ɗumama ba alama ce ta taɓarɓarewa, ba ta sauƙi ba. Kunya tana da hannu a nan, domin dattijon da ya sauka a gidan surukinsa zai iya cewa lafiya lau alhali ƙafafunsa sun daina ji, don haka mai masauki ne ya kamata ya tanadi tufafi hawa-hawa, da hular sanyi, da safar hannu, da takalmin da ruwa ba ya ratsawa, ba tare da ya jira an roƙe shi ba.

Haɗarin da ya fi cancantar dogon bayani yana cikin ɗaki ne, kuma yana da alaƙa da al'adar shigar da kaskon garwashi ɗaki a lokacin hunturu. Duk abin da yake ƙonewa, gawayi ne ko itace ko fetur ko gas, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Idan aka shaƙe ta, sai ta manne wa sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini da ƙarfin da ya ninka na ita iskar numfashin fiye da sau 200, ta haka ƙwaƙwalwa da zuciya suke rasa abin da suke rayuwa da shi. Gidajen ƙasashen sanyi an gina su ne a toshe domin kada ɗumi ya fita, saboda haka gubar ba ta samun kafar fita. Alamomin farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, sun yi kama da na mura, abin da ke sa mutanen gida su kwanta da niyyar hutawa, kwanciyar da wasu ba sa tashi daga ita. A watan Disamba na 2006, bayan da guguwa ta katse wutar lantarki a yankin Seattle, mutane da yawa sun kamu da wannan guba, kuma kaso mai yawa daga cikinsu iyalan baƙi ne 'yan asalin wasu ƙasashe waɗanda suka hura gawayi a cikin gida. Ƙa'idar ba ta da sassauci: gawayi da janareta ba sa shiga gida ko gareji ko da an buɗe taga, kuma idan mutum biyu ko uku suka fara ciwon kai a lokaci ɗaya, ko na'urar gano gubar ta yi ƙara, kowa ya fita waje a kira lambar agaji, 911 a Amurka da Kanada, 999 a Birtaniya, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai.

Hanya ma tana da nata haɗarin. Guguwar dusar ƙanƙarar da ta afka wa birnin Buffalo na jihar New York daga 23 ga Disamba, 2022, ta hallaka mutum fiye da 40 a yankin, wasu a cikin motocin da suka maƙale, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke, kuma ta zo ne a ranakun da jama'a suka fi fita sayayya da ziyara. A ƙarshen wancan watan na Disamba kamfanin jiragen sama na Southwest ya soke tashi fiye da 16,000, lamarin da ya bar matafiya a filayen jirgi kwana da kwanaki. Idan hukuma ta hana tuƙi, zumunci ba hujja ba ce ta karya dokar. Wanda dusar ta ritsa da shi a mota ya fi aminci ya zauna a ciki, yana tayar da injin na ɗan lokaci kawai, bayan ya tabbatar dusar ba ta toshe bakin salansa ba, domin idan ta toshe, gubar nan cikin motar take komawa. Baƙon da ya ƙware a tuƙin gida kuwa bai san siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗuwa a kan kwalta ba, wadda ba a ganinta, musamman a kan gada, inda birki ba ya kamawa, kuma ba raini ba ne idan aka hana shi makulli.

Akwai waɗanda ya kamata a yi wa tanadi na musamman. Masu cutar sikila, wato amosanin jini, wadda ta yawaita a Najeriya fiye da kowace ƙasa, sanyi yana tayar musu da ciwo saboda yana tsuke jijiyoyin jini, kuma ƙarancin shan ruwa, wanda sanyi yake jawowa tun da ba a jin ƙishi, yana ƙara haɗarin. Masu hawan jini da ciwon zuciya kada su ɗauki shebur da sunan taya mai gida kwashe dusa daga ƙofa, domin aikin yana da nauyi fiye da yadda ido yake nunawa, kuma cikin mamatan Buffalo akwai waɗanda zuciyarsu ta buga suna wannan aiki. Tsofaffi kuma santsin dakali da matakala ya isa ya karya musu ƙugu. Tun da baƙo mai bizar ziyara ba ya cikin tsarin lafiyar gwamnati a Amurka ko Kanada, kuɗin asibiti a kansa ko a kan danginsa yake faɗawa, don haka inshorar lafiya ta matafiya, wadda ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya suka wajabta da aƙalla Yuro 30,000, abu ne da ake saya tare da tikiti. Magungunan da mutum yake sha kullum kuma a riƙe su a jakar hannu tare da takardar likita, da ƙarin na wasu kwanaki saboda yiwuwar jinkirin jirgi.