Antatika: halittun da ke rayuwa ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin mita 800

A watan Janairun 2013, wata tawagar masu bincike daga Amurka ta huda ƙanƙara mai kaurin mita 800 a yammacin Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, har ta kai ga tabkin Whillans. Zurfin ruwansa kamar mita 2 ne, kuma hasken rana ba ya isa wurin. Da ruwan zafi da aka tace aka yi hujin, don kada a shigar da ƙwayoyin waje. Wannan taka-tsantsan na da dalili: lokacin da Rashawa suka kai ga tabkin Vostok a 2012, kananzir ɗin da ke cikin ramin ya gurɓata samfurinsu, abin da ya jawo gardama kan sakamakon.

Rahoton da mujallar Nature ta wallafa a 2014 ya nuna kusan nau'i 4.000 na ƙananan halittu da ido ba ya gani, da ƙwayoyi kimanin 130.000 a kowane mililita na ruwan. Babu ganye, babu haske. Abincinsu sinadarai ne irin su amoniya, ƙarfe, farar wuta da iskar metan da ke fitowa daga laka.

To, ta yaya suke jure wa sanyi? Wani ɓangare na amsar ya samo asali daga cibiyar Pasteur ta birnin Paris. A 1961 François Jacob da Jacques Monod suka nuna cewa bakteriya ba ta aiki da duk ƙwayoyin gadonta a lokaci guda; tana kunna wasu, ta kashe wasu, gwargwadon abin da ta tarar a muhallinta. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1965.

Sanyi ma haka yake sa ta yi. Fatar da ke lulluɓe da bakteriya ta kitse ce, kuma duk wanda ya ga yadda man shanu ke daskarewa a lokacin hunturu ya san matsalar. Idan fatar ta sandare, abinci ba zai shiga ba. Sai bakteriyar ta kunna ƙwayoyin gadon da ke sauya kitsen ya zama mai ruwa-ruwa, ta kuma ƙera wasu sunadarai da ke hana saƙonnin gado nannaɗewa kafin a karanta su. A wurin da abinci ya yi ƙaranci haka, ƙera abin da ba a buƙata asara ce babba.

Batun ya shafi har ƙasashe masu zafi irin Nijar. Metan na cikin iskokin da ke ɗumama duniya, kuma wani bincike na 2017 ya gano cewa bakteriyar Whillans na cinye fiye da kashi 99 cikin 100 na metan da ke tasowa daga lakar tabkin, kafin ruwan ya gangara zuwa teku.