Wa Ke Cin Ribar Idon Ɗalibi?

A damunar 2024 wata sana'a ta mamaye ɗalibai, daga Kazaure har Babura. A wurin masu cajin waya, a ƙarƙashin bishiya kafin malami ya shigo, a ɗakin kwana bayan sallar isha, sai ka ga mutum ya sunkuyar da kai yana ta dangwalar fuskar waya da yatsu biyu ko uku. Mainin ake yi, wato haƙo kuɗin intanet. A watan Mayun shekarar Notcoin ta fashe, wasu sun samu abin da suka samu, labari ya bazu, kowa ya ce ba za a bar shi a baya ba. Sai aka rufar wa Hamster Kombat, wasan da ke cikin manhajar Telegram, wanda masu shi suka ce mutum miliyan 300 ne suka shiga a faɗin duniya.

Dangwala kaɗai ba ta isa. Kafin makinka ya ƙaru sai ka bi tasharsu ta YouTube, ka kalli bidiyon da suka saka, ka gayyato abokai, ka dawo gobe kada ka rasa garaɓasar yini. Ranar 26 ga Satumba aka fara cinikin kuɗin wasan, kuma yawancin waɗanda suka kwashe watanni suna wannan aiki abin da ya shigo musu bai taka kara ya karya ba. An yi ta tsinuwa, aka wuce. Amma tashar ta riga ta tara mabiya miliyoyi, kuma kallon da aka yi mata kuɗi ne ga masu ita. Ɗalibin da ya ɗauka haƙo dukiya yake yi, idonsa da lokacinsa ne aka haƙa, da datar da ya saya da kuɗin abincinsa.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muke karatu a garin da aka sani da ilimin kwamfuta. Tun farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka kafa cibiyar koyar da fasahar sadarwa da kowa ke kira Informatics a Kazaure. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga kuma Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka amince da kafawa a Babura a 2021. Muna koyon yadda ake rubuta manhaja da haɗa na'urori. Abin da ba mu cika tattaunawa ba shi ne inda kuɗin ke fitowa.

Daga talla yake fitowa. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, yana samun fiye da kashi 95 cikin 100 na kuɗin shigarsa daga tallace-tallace. Ga yadda cinikin yake: mai kaya zai shiga shafin masu talla ya zaɓi waɗanda yake son saƙonsa ya isa gare su, a ce maza 'yan shekara 18 zuwa 25, mazauna Kazaure da kewaye, masu sha'awar ƙwallon ƙafa. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya buɗe waya, kwamfutocin kamfanin na yin gwanjo cikin ƙiftawar ido tsakanin masu son wannan gurbi, wanda tayinsa ya yi nasara tallarsa ce za ta bayyana. Manhajar ta san ka ne daga abin da ka tsaya a kai, da abin da ka wuce da sauri, da wanda ka tura wa aboki. Saboda haka babu abin da ta fi so kamar ka daɗe. Ko wa'azi ne ya riƙe ka, ko rawa, ko zagin juna tsakanin magoya bayan 'yan siyasa, duk ɗaya ne a lissafinta, sai dai an daɗe da gane cewa abin da ke tayar da hankali ya fi riƙe mutum.

Bahaushe ba baƙon talla ba ne. Yarinya mai tallar goro tana faɗin abin da ke kan farantinta, sanƙira yana shela da sunan wanda ya aiko shi, mai maganin basir da ya kafa lasifika a bakin kasuwa kana ganin sa, in maganin bai yi ba ka san inda za ka same shi ran kasuwa mai zuwa. Ko jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939 ta ware wa talla gurbinta daban da na labari. Abin da ya sauya shi ne yanzu tallar ta narke cikin nishaɗin, ba ta sallama kafin ta shigo.

A fina-finan Hausa aka fi ganin haka, kuma ba na ɗora wa masu yin su laifin duka. Masana'antar da ta fara da Turmin Danya a 1990 ta rayu shekaru da sayar da kaset, sannan faifai, a kasuwanni irin su Ƙofar Wambai a Kano. Satar fasaha da masu tura fim a waya da ɗan kuɗi kaɗan suka kashe wannan kasuwa. Da Arewa24 ta buɗe a 2014, shirye-shirye irin su Daɗin Kowa suka saba wa mutane da kallon labari mako-mako, daga baya Izzar So da ire-irensa suka nuna cewa ana iya yin haka a YouTube. To amma a can ka'idar daban ce. Mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar da aka saka a dogon bidiyonsa, kuma sai bidiyo ya kai minti 8 ake iya tsarma talla a tsakiyarsa. Ga shi kuma kallon mutumin Najeriya ba ya tsada a wajen masu talla kamar na mutumin Amurka ko Ingila. Furodusa da ke da jarumai da masu kyamara da zai sallama, dole ya ja labarin ya yi tsawo, dole ya yanke shi a inda ranka zai tsaya, dole kuma ya nemo nasa masu ɗaukar nauyin. Shi ya sa za ka ga jaruma ta bar zancen aurenta da ke neman mutuwa ta shiga shagon atamfa, kyamara ta daɗe a kan allon sunan shagon. Ɗalibar da ke kallo a ɗakin kwana ba ta ji an ce ta sayi komai ba, amma ran bikin ƙawa ta san irin ɗinki da lallen da ake yayi, ta kuma san cewa nata bai kai ba. Wannan jin ƙasƙanci shi ya fi damuna, domin a kansa ake gina cinikin man bilicin da sauran kayan da ke lalata fata da aljihu.

A ƙauyukan Roni da Gwiwa kuwa har gobe rediyo ne sarki. Magidanci zai ji labaran BBC Hausa, wadda ke watsa shiri tun 1957, ya murɗa zuwa tashoshin Kano ya ji sojojin baka. A nan ma akwai abin lura: shirye-shirye da dama fili ne da aka saya. Mai maganin gargajiya yakan sayi rabin awa, a yi masa tambayoyi kamar hira ce ta ilimantarwa, ya lissafa cututtuka goma da kwalba ɗaya ke warkarwa, a rufe da lambar waya. Tsoho mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti saboda wannan hira, ba wauta ce ta ja shi ba. Ya yarda da akwatin da ya shekara arba'in yana faɗa masa gaskiya.

Doka ba ta yi shiru ba. Hukumar NAFDAC ce ke da hurumin amincewa da tallar magani kafin a fitar da ita, hukumar NBC na sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, kuma a 2022 aka yi sabuwar dokar da ta mayar da hukumar kula da talla ta APCON zuwa ARCON, da ikon tantance talla har wadda ake sakawa a intanet. A shekarar ma ARCON ta maka Meta a kotu tana neman naira biliyan 30 kan tallace-tallacen da ba a tantance ba. Sai dai mai tantancewa yana Abuja ko Legas, tallar kuwa tana yawo da Hausa cikin saƙon murya daga wannan zauren WhatsApp zuwa wancan. Harkar zuba kuɗi ta MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, 'yar'uwarta CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, kuma duka biyun ta bakin aboki da ɗan'uwa suka fi yaɗuwa, ba ta allon talla ba.

A nan ɗalibi ya shigo da nauyin da bai cika lura da shi ba. Idan ya koma gida hutu, shi ake miƙa wa waya a ce, "Ɗan boko, duba mana wannan, gaskiya ne gwamnati na rabon tallafi?" Shi ke cike fom, shi ke buɗe wa Inna asusu, shi ke saka wa ƙanne manhaja. Abin da ya yarda da shi, gida ya yarda da shi. In tallar caca da ta biyo shi daga gidan kallon ƙwallo ta ci shi, ƙaninsa na sakandare na biye. In ya tura mahaɗar tallafin ƙarya zuwa zauren 'yan garinsu, sunansa ne shaidar da mutane za su riƙe su saka lambar BVN ɗinsu.

Ina ganin makarantunmu na iya yin wani abu a kai ba tare da jiran sabuwar manhajar karatu daga sama ba. A darasin nazarin gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, malami zai iya sa aji su buɗe shafin masu talla na Facebook su tsara talla da kansu, ko da ta telan unguwa ce, su ga yadda ake zaɓar mutane da shekaru da gari da sha'awa. Zai iya sa su saurari awa ɗaya ta rediyo su ware mintunan labari da na filin da aka saya, ko su ƙirga shaguna nawa suka fito a kashi ɗaya na fim mai dogon zango. Zai iya sa kowa ya lissafa abin da ya kashe a data cikin zango guda, musamman tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, sannan ya duba wace manhaja ce ta cinye mafi yawa. Wayar da ke aljihun kowa tana ajiye wannan lissafin a sashen saiti, kuma dubawa ba ta cin ko sisi.