Kalwa Ba Daddawa Ba Ce, Ɓawo Ba Taki Ba Ne

Babu macen da za ta ɗebo ɗanyar kalwa ta watsa a miyar kuka ta ce ta sa daddawa. Duk abin da ake nema yana cikin kalwar, amma a kulle yake. Sai an dafa ta wuni guda, an surfe, an wanke, an sake dafawa, sannan a zuba a kwando ko masaki, a lulluɓe da ganye da buhu, a kai ƙuryar ɗaki ta yi kwana biyu ko uku. Idan mai daddawa ta cusa hannu ƙarƙashin buhun za ta ji ɗumi, ko da yake babu wuta a kusa. Ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani suke aiki a ciki, kuma su ne ke mayar da kalwa abin da miya za ta karɓa.

Haka ɓawon ayaba yake, da na kankana, da na doya, da ganyen kabejin da aka ɓare, da tumatirin da ya lalace a kwando. Akwai abincin shuka a cikinsu, amma saiwa ba ta da haƙori. Abin da ya narke a ruwa kaɗai take iya sha. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga an tara ɗanyen ɓawo a gindin barkono ko zogale, kwana kaɗan ƙuda su taru, wuri ya yi wari, sai mai shukar ya yanke hukuncin cewa takin gida aikin banza ne. Kalwa ya bai wa shukarsa.

Akwai kuma dabarar da ta yaɗu a wayoyi, ta jiƙa ɓawon ayaba a ruwa kwana biyu a yi ban ruwa da shi. Gaskiya ne ɓawon ayaba yana da sinadarin fotasiyam, wanda ke taimaka wa shuka wajen fure da 'ya'ya. Sai dai abin da ke fita cikin ruwan kaɗan ne, mafi yawa yana nan a ɓawon da aka tsame aka jefar. Gara a ruɓar da ɓawon baki ɗaya.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da ƙa'ida. A sami inuwa a bayan gida, a haƙa rami mai zurfin gwiwa, ko a huda tsohon bokiti ko duro ta ƙasa da gefe-gefe. Kayan iri biyu ne, ɗanye da busasshe. Ɗanyen shi ne abin da ya fito daga madafa. Busasshen kuwa ganyen da aka share a tsakar gida ne, da ɓawon gyaɗa, da ƙaiƙayi, da buntun shinkafa, da karan dawa da aka sassara, har da kwalin da aka yayyaga. Kwano ɗaya na ɗanye, biyu ko uku na busasshe. A nan mafi yawan mutane ke kuskure, domin ɗanyen ne kullum a hannu, shi ake ta zubawa har ramin ya zama kwata. Ɓawon kankana kusan duk ruwa ne. Idan babu busasshen abu da zai tsotse ruwan ya bar wa iska hanya, ƙwayoyin da ke son iska sai su mutu, waɗanda ke kawo ɗoyi su gaje wurin. A yayyanka ɓawon ƙanana kafin a zuba, kamar yadda ake surfe kalwa don a buɗe ta. Duk lokacin da aka zuba, a rufe da busasshe da ɗan barbaɗin ƙasa. Idan akwai kashin awaki ko na kaji, a haɗa, shi ke sa tarin ya kama zafi da wuri.

Idan tarin yana da girma kuma haɗin ya yi daidai, cikin 'yan kwanaki cikinsa zai iya kai maki 55 zuwa 65 a ma'aunin Salshiyas. Ka soka sanda ka bar ta ɗan lokaci, ka zaro ka taɓa, za ka ji ta da zafi. Wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Ƙaramin bokiti ba zai yi irin wannan zafi ba, amma zai ruɓe, sai dai a hankali. Inda taki ya bambanta da daddawa shi ne yana son a riƙa juya shi, ko da sau ɗaya ne a mako ko mako biyu. Danshi kuma a gwada shi da hannu: ka damƙi kaɗan ka matse, ya dunƙule ba tare da ruwa ya tsiyaya ba. Da hunturu, iska takan busar da tarin ya tsaya cak, don haka a yayyafa ruwa a lulluɓe da tsohon buhu. Da damina kuwa a kare shi daga ruwan sama.

Kada a zuba ragowar miya, ko nama, ko mai. Gishiri yana cutar da ƙasa, maiƙo yana kiran ɓera. Leda da batir a tsince su. Toka tana da amfani, amma barbaɗe kawai, domin idan ta yi yawa tana korar naitirojin ya tashi a iska. Tumatirin da tsutsa ta ci ganyensa, irin wadda ta yi wa manoman Kano da Kaduna ɓarna a 2016, a ƙona shi ko a binne da zurfi, kada ya shiga tarin.

A yanayin zafi irin namu, wata biyu zuwa uku ya isa. Za a ga ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa, ba a iya gane wannan ayaba ce ko doya. Wanda yake shakka ya cika gwangwani da shi ya shuka 'yan ƙwayoyin wake ko alayyafo. Idan suka tsiro lafiya, ya nuna.

Ba na son a yi wa takin nan kirarin da ya fi ƙarfinsa. Buhun NPK 15-15-15 yana da kashi 15 cikin ɗari na naitirojin, takin gida kuwa da wuya ya wuce kashi 1 zuwa 2. Ɓawon gida ɗaya ba zai riƙe gonar masara ba. Ƙarfinsa a wani wuri yake. Ƙasarmu ta jigawa ba ta riƙe ruwa, ka zuba da safe kafin azahar ta bushe. Ruɓaɓɓen taki ne ke ba ta jiki, ta riƙe laima, tana ta dawo cikinta, har takin zamanin da aka saya da tsada ya daina zurarewa da ruwa. Manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin haka. Shekara da shekaru suna shigowa birni da jakuna, su cika mangala da takin juji su kai gona, kuma da shi suka riƙa noma fili ɗaya kowace damina ba tare da sun bar shi ya huta ba. Abin da ya canza shi ne jujin yau ya cika da leda da kwalba, don haka rarrabewar dole ta fara tun daga madafa.

Gidan da ke da awaki ba ni da abin ce masa, a ba su ɓawon su ci, a kwashe kashinsu, hanyar ta fi gajarta. Maganata da wanda ke birni ne, mai tumatir a buhun siminti da zogale biyu a jikin katanga. Shi ya zuba tafi biyu na takin a kewayen kowace shuka, kada ya manna shi da kara, ya ɗan cuɗa da ƙasar sama ya ba da ruwa, ya maimaita bayan wata guda. Idan ɓawon gidansa bai isa ba, ya leƙa kasuwar 'Yan Lemo ko 'Yan Kaba a Kano da yamma da buhunsa, ko wurin mai yanka kankana na bakin layi, wanda kullum neman inda zai zubar da nasa yake yi.