Tsakanin Tsibiran Karibiyan Da Na Yawuri: Yadda Ake Zama A Cikin Jirgi

Mai karatu, bari in fara da kalma, tunda nazarin harshe ne sana'ata. A wajen kakanninmu in aka ce "jirgi" babu buƙatar ƙarin bayani, abin da ke tafiya bisa ruwa ake nufi. Sai da dogo ya isa Kano a 1911 aka sami jirgin ƙasa, na sama kuma ya fara sauka a Kanon a 1925, daga nan mai sunan na asali ya koma "jirgin ruwa", tamkar maigidan da baƙi suka cika wa gida har ya zama sai ya gabatar da kansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Bahaushe ba baƙon ruwa ba ne, ko da yake mu mazauna Samaru da Sabon Gari ruwan da muka fi sani bai wuce Kubanni da Galma ba.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne hotunan da matasanmu ke yawo da su a wayoyinsu na wani irin jirgin shaƙatawa da Turawa ke kira yot, wanda iyali guda ke mayar da shi gida su yi ta zaga tsibirai shekara da shekaru. Tun daga 1986, duk watan Nuwamba irin waɗannan jirage kan yi ayari daga tsibiran Kanari su ƙetare Tekun Atlantika zuwa Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000 da kan ci wajen mako uku. Mai kallon hoto shuɗin ruwa da itatuwan kwakwa yake gani, sai ya ɗauka holewa ce zalla. Alhali kuwa zaman cikin jirgin nan zaman ƙa'ida ne mai tsanani. Ruwan sha a aune yake, domin abin da ke cikin tanki shi ke nan, sai fa in akwai na'urar tace ruwan gishiri. Wutar lantarki daga hasken rana da batir take zuwa, ita ma a aune. Dare kuwa rabon sa ake yi, wani ya yi tsaro sa'a uku ko huɗu yayin da sauran ke barci, sannan ya tashi na gaba. Kafin a ɗaga ƙugiyar da ke riƙe jirgi sai an saurari hasashen yanayi, kuma daga Yuni zuwa Nuwamba, lokacin mahaukaciyar guguwa a Karibiyan, yawancinsu kan kauce wa yankin ko su fitar da jirgin kan tudu. Uwa uba, kowane jirgi an san iyakar mutanen da zai ɗauka, kowa kuma da rigar ceto tasa.

To, mu ma muna da masu irin wannan zama, sai dai su neman abinci ne ya kai su. Su ne Sarkawa, masuntan Kabi da Yawuri, waɗanda masana suka danganta sunansu da Sorko, masuntan ƙasar Sanwai. Tun kafin zuwan Turawa Basarke kan ɗora iyalinsa da tukwane da tabarmi da kayan su a cikin babban jirgi ya bi kifi, wasu har Lokoja da Anaca, wasu su hau Binuwai. A cikin jirgin ake kafa rumfa, a cikinsa ake hura wuta bisa ƙasar da aka shimfiɗa don kada itacen ya kama, a cikinsa yaro ke koyon riƙe filafili. Inda kifi ya yi yawa sai a sauka a gaɓa ko a kan tsibiri a kafa sansani a yi ta banda. Duk wanda ya dubi taswirar gaɓar Neja daga Kabi zuwa Borgu zai ga garuruwan da sunansu ya fara da "Tungan" ba su ƙirguwa, kuma da yawansu da irin wannan zangon suka fara.

Su ma mutanen tsibiran Yawuri sunan da Bahaushe ya ba su daga ruwa ya fito. Gungu shi ne tsibirin da ke tsakiyar kogi, mazauna cikinsa kuwa Gungawa, ko da yake su Reshe suke kiran kansu, kuma suna da harshensu dabam. Wannan kogi nasu sau biyu yake cika a shekara: akwai farin ruwa na damina, mai ɗauke da laka, akwai kuma baƙin ruwa wanda ke isowa da sanyin hunturu bayan ya yi watanni yana tafiya daga tsaunukan Gini. Matuƙin da ya tashi a nan ya san inda dutse yake a kowane ruwa, ya san iskar da in ta taso sai a nemi gaɓa, kuma akwai Sarkin Ruwa da ake jin maganarsa. Kogin ba abin wasa ba ne, a duwatsun Busa ne Mungo Park ya halaka a 1806.

A 1968 aka kammala madatsar Kainji. Tafkin da ya taru ya kai tsawon kilomita 130 da ɗoriya, ya haɗiye tsohuwar Busa da babban tsibirin Foge da wasu tsibiran, aka tashi mutum kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. Ba ina musun amfanin wutar da aka samu ba ne. Amma dai kogin da matuƙa suka haddace ya zama faffaɗan tafki mai igiyar ruwa, ƙarƙashinsa kuma cike da kututturan itatuwan da ruwa ya binne. Sai ga injin maƙalawa ya shigo, jirgi ya ƙara girma da gudu, ya tashi daga gidan iyali ya koma motar haya. Mai jirgin da a da matarsa da 'ya'yansa ke ciki ba ya buƙatar wani ya ce masa kaya sun yi yawa. Wanda kuwa ke karɓar kuɗin kai, kowane ƙarin fasinja riba ce.

Sakamakon muna ganin sa. Ran 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ya dare a tafkin Kainji da mutum fiye da 150 a ciki, waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. A ƙarshen Nuwamban wannan shekarar, a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙan su. A duk lokacin da haka ta faru sai mu ce ƙaddara ce, kuma babu Musulmin da ke ja da ƙaddara. Sai dai Baturen da ke ƙirga mutanen jirginsa kafin ya tashi ba ya fi mu tsoron mutuwa ba ne, abin da kakan Basarke ke yi ne yake yi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto, amma doka tana Lokoja, jirgi kuwa yana kwata, kuma ba kowace kwata ke da ma'aikacin hukuma ba. A ganina Sarkin Ruwan kowace kwata ya kamata a ba wa ikon ƙirga fasinja da hana jirgi tashi, a sa masa albashi, a kuma tuhume shi in aka yi sakaci, domin shi kullum yana wurin.

Tafkin Chadi kuma nasa labarin dabam ne. Tun daga shekarun 1960 masuntan Hausa suka yi ta kwarara can suka tarar da Buduma masu jiragen ciyawa, suka bi ruwa tsibiri bayan tsibiri yayin da tafkin ke janyewa daga faɗin murabba'in kilomita 25,000 da yake da shi a 1963. Sunaye irin su Tumbun Rago da Kwatan Turare da Doron Baga shaida ne na harshen da ake ciniki da shi a wurin. Wasu sun bi kifi har Darak, suka wayi gari a cikin Kamaru bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002. Sannan Boko Haram ta faɗa wa Baga a Janairun 2015, tsibirai da yawa suka zama kufai ko sansanin 'yan bindiga masu karɓar haraji daga masunta. Mai sayen bandar kifi a kasuwar Sabon Gari yana ƙorafin tsada, bai san abin da aka biya kafin kwalin ya bar bakin ruwa ba.

Akwai kuma asarar da ta fi shafar mu malaman harshe. Nakan tambayi ɗalibai bambancin homa da taru da mamari da gura, ko kuma wane ne ragon ruwa, wane ne giwan ruwa, wane ne tsage, sai aji ya yi tsit, in ban da ɗaya ko biyu da suka fito daga Argungu ko Yawuri. Ba na ganin laifinsu, kalma ba ta rayuwa in aikin da take yi ya mutu. Amma a cikin waɗannan kalmomi ne ilimin ruwan yake: sunan kowace iska, da kowane irin zurfi, da kowane sashe na jirgi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tsinci wasu, sauran suna bakin masu su, 'ya'yan Gungawa da yawa kuma sun bar harshen Reshe sun koma Hausa, Hausar ma ta kan tudu. Daga Zariya zuwa Yawuri tafiyar yini guda ce a mota, kuma dattawan da suka tuƙa jirgi a kogin kafin a datse shi, mafi ƙanƙantarsu a yau ya haura shekara 70.