'Yan Mazan Jiya Suna Cikinmu

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, Nijeriya takan tuna da 'yan mazan jiya, gama a ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Tun kafin wannan, a yaƙin Hitila, an ɗebi samarin Arewa zuwa Bama. Runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka ratsa kurmi, kaya a ka, ga ruwa ga sauro, har suka ƙwace Myohaung daga hannun Japan a Janairun 1945.

Da yawansu 'ya'yan manoma ne. Suka ajiye fartanya suka tafi, waɗansu ba su komo ba. Yau mutanen Bama sun kusa ƙarewa, na basasa ma furfura ta rufe su.

To, 'yan'uwa na Tudun Kaya, Ƙaraye da Rogo, addu'ar rana ɗaya ba ta isa ba. Bari ƙungiyarku ta rubuta sunayen tsofaffin sojan da ke kusa da ku, da na gwaurayensu. Ku ware musu dawa da kaka, ku yi musu gayya da damina. Ku kuma tura yara su ji labari daga bakinsu, tun suna da rai.